Kafin a Danna Makunni: Yadda Ake Girka Sabuwar Kwamfuta a Gida

Ranar da aka shigo da kwalin sabuwar kwamfuta cikin gida rana ce ta zumuɗi. Yara sun yi cirko-cirko, maigida ya ƙagauta ya ga abin da ya zuba wa kuɗinsa ya kawo haske, kowa dai hankalinsa yana kan makunni. To amma wannan na'ura, wadda Hausawa suka raɗa wa suna na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba kamar rediyo take ba, da za a zaro daga kwali a murɗa ta kama magana. Abin da aka yi mata a sa'o'in farko, da wanda aka yi sakaci ba a yi ba, shi yake yanke yawan shekarun da za ta yi tana aiki. Shi ne kuma yake yanke ko takardu da hotunan da za a ba ta amana za su tsira ranar da ta sami tangarɗa. Akwai kwamfutocin da suka ƙone a daƙiƙar farko da aka jona su da wuta, tun ba su nuna ko harafi ɗaya ba.

Bayanin da zai biyo ya fi karkata ga kwamfutar tebur, wato wadda ake girkawa wuri ɗaya, ko da yake mai kwamfutar tafi-da-gidanka shi ma zai tsinci nasa rabon.

Abin da ke cikin kwali

Siffar kwamfutar gida da aka sani ta samo asali ne daga wadda kamfanin IBM na Amurka ya fitar a watan Agusta na 1981: akwati, da allon kallo mai kama da talabijin, da allon madannai irin na tafireta. Linzami, wanda wasu suke kira ɓera saboda siffarsa da doguwar wutsiyarsa, ya shahara ne daga baya, musamman bayan fitowar Macintosh ta kamfanin Apple a 1984. Akwatin nan shi ne kwamfutar gaske. A cikinsa akwai wani babban faranti da ake kira uwar allo, wanda a kansa aka dasa ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da ma'adanar wucin gadi mai suna RAM, sai kuma rumbun ajiya, da tukunyar wuta da ke ciyar da su duka.

Bambancin RAM da rumbu shi ne abu na farko da ya kamata mai kwamfuta ya fahimta. RAM kamar tabarmar ɗan kasuwa take, inda yake baza kayan da yake hada-hada da su a lokacin. Da zarar wuta ta ɗauke, duk abin da ke kanta ya shafe. Rumbu kuwa shi ne ɗakin ajiya, abin da aka kai cikinsa yana nan ko da wuta ko babu. Kwamfutar IBM ta 1981 mafi arha ta zo da RAM mai kilobait 16 kacal. Wadda take da gigabait 8 ta ninka wancan fiye da sau dubu ɗari biyar, amma ɗabi'ar mantuwa tana nan ba ta sake ba.

Kafin a jona komai, a gwada abin da ke cikin kwali da abin da aka rubuta a rasit, a kuma tabbatar lambar da ke manne a jikin akwati ta yi daidai da ta takardar garanti. Kada a yar da kwalin da soson da ke cikinsa, domin idan an sami aibi, a cikinsu za a mayar da kayan. Wani abu kuma da yakan haddasa rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa a banza shi ne girman rumbu. Mutum ya sayi rumbu mai gigabait 512, ya kunna ya ga Windows ta nuna masa kimanin 476, sai ya ɗauka an cuce shi. Ba cuta ba ce, mudu ne ya bambanta. Masu ƙera rumbu suna ƙirga gigabait a matsayin bait 1,000,000,000, ita kuwa Windows tana ƙirga shi a matsayin 1,073,741,824. Saboda haka ne ma rumbu mai terabait ɗaya yake bayyana da gigabait 931.

Zafi da ƙura

Duk wutar da kwamfuta ta sha, a ƙarshe zafi take komawa, kuma dole zafin nan ya sami hanyar fita. Fankokin da ke cikin akwati galibi suna jawo iska ta gaba su fitar da ita ta baya. Idan aka matsa akwatin jikin bango, ko aka kulle shi cikin kabad don kyan gani, sai ya riƙa shaƙar zazzafar iskar da ya fitar. Ƙwaƙwalwar zamani tana da dabarar kare kanta: idan zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Selsiyos, sai ta rage gudu, in abin ya ci tura ta kashe kanta. Kamfanoni da dama suna rubuta cewa kada zafin ɗakin da kwamfuta take aiki ya wuce digiri 35. Wanda ya san bazarar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, ya san cewa wannan sharaɗi ba ƙaramin abu ba ne. Don haka a zaɓi ɗakin da ya fi sanyi, a kauce wa tagar da rana take faɗowa ta ciki, a kuma bar tazarar akalla taki ɗaya na hannu tsakanin bayan akwati da bango.

Ƙura abokiyar zafi ce. A lokacin hunturu fanka tana jawo ta ciki, ta kwanta a kan ƙarafan sanyaya ƙwaƙwalwa kamar bargo. Akwatin da aka ajiye a ƙasa, balle a kan kafet, shi ya fi kowane shan ta. Ɗora shi a kan tebur ko wani ɗan benci ya fi. Hunturu yana da wani sharrin kuma. Bushewar iska tana sa wata irin wuta ta taru a jikin mutum, irin wadda take yin tsartsar idan an cire rigar sanyi da dare. Mutum ba ya jin wannan wuta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 yana iya lalata wasu ƙananan sassan uwar allo. Wannan dalili kaɗai ya isa ya hana mai son ganin ƙwaf buɗe sabon akwati, ban da cewa wasu masu sayarwa suna soke garanti idan an karya hatiminsu.

Zaman mutumin ma abin lura ne. Allon kallo ya kasance nesa da ido kamar tsawon hannu, wato santimita 50 zuwa 70, samansa kuma ya yi daidai da ido ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan.

Wuta

Nan ne gizo yake saƙar. Sassan cikin kwamfuta ba sa amfani da wutar bango kai tsaye. Tukunyar wuta ce take karɓar ta, ta mayar da ita bolt 12, da 5, da 3.3. Wutar gida a Nijeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 240 ne, tana kuma kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka kuwa bolt 120 ce, mai kai da komo sau 60. Yawancin tukwanen wuta na zamani, da cajar kwamfutar tafi-da-gidanka, suna daidaita kansu da kowace wuta daga bolt 100 zuwa 240, kuma ana rubuta haka a jikinsu. Amma wasu, musamman a kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Amurka, suna da wani ɗan jan makunni a baya, kusa da inda wayar wuta take shiga, mai lamba 115 a gefe ɗaya da 230 a ɗaya gefen. Idan yana kan 115 aka jona shi da wutar nan, abin da zai biyo baya shi ne ƙara da hayaƙi da ƙauri. Duba wannan makunni ba ya cin daƙiƙa biyar. Firinta mai aiki da hasken leza ita ma a karanta jikinta da kyau, domin irin waɗanda aka yi don kasuwar Amurka galibi wutar can kaɗai suka sani.

Sai batun fulogi. Soket ɗin da aka fi amfani da shi a Nijeriya irin na Ingila ne, mai ƙafa uku, kuma fuloginsa yana da fiyus a ciki. Doguwar ƙafar nan ta sama ita ce ta wayar ƙasa. Aikinta shi ne ta kwashe duk wutar da ta tsiyayo jikin ƙarfen akwati ta kai ta ƙasa, maimakon ta bi ta jikin mutum. Al'adar nan ta cusa makulli ko murfin biro cikin ramin sama don a tura fulogi mai ƙafa biyu, ko a karya ƙafar ta uku, tana raba kwamfuta da wannan kariya. Wanda ya taɓa akwati ya ji yana ɗan jan sa, to alama ce wayar ƙasa ba ta aiki, kuma maganin abin yana hannun mai gyaran wutar gida, ba mai gyaran kwamfuta ba.

Wutar gari tana cutar da kwamfuta ta fuska uku, kowace da maganinta, ga shi kuwa mutane sukan gauraya su. Akwai wutar da take yin ƙasa ko ta yi sama ta daɗe a haka, maganinta sitabilaiza. Akwai wadda take zuwa da ƙarfi farat ɗaya, kamar lokacin da aka dawo da wuta ko aka yi tsawa. Wannan akwai jerin soket na musamman da aka yi don tare ta, kuma ba kowane jerin soket na kasuwa ne yake da wannan kariya ba, ko da an kira shi da sunan. Ta uku ita ce ɗaukewa ba sallama, wadda maganinta na'urar da ake kira UPS.

UPS akwati ce mai batir a ciki. Idan wuta ta ɗauke, takan koma kan batir cikin 'yan ɓurɓushin daƙiƙa, galibi ƙasa da kashi 10 cikin dubu. Tukunyar wutar kwamfuta kuwa an ƙera ta yadda za ta iya riƙe kanta na kimanin kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa, saboda haka kwamfutar ba ta ma sanin an yi canji. Amma fa UPS ba janareta ba ce. 'Yar ƙarama mai lamba 650VA abin da take iya ɗauka bai kai wat 400 ba, kuma mintuna kaɗan take bayarwa, daidai a adana aiki a kashe kwamfuta cikin natsuwa. Wanda ya ci gaba da aiki tana kuka har ta mutu, ya yi asarar amfaninta, ya kuma rage wa batirin kwana. Sabuwar UPS tana buƙatar caji na sa'o'i shida zuwa takwas, ko yadda takardarta ta faɗa, kafin a ɗora mata kaya. Ba a kuma jona mata firintar leza, domin wannan tana ɗumama wani ƙarfe har kusan digiri 200 don ta narkar da garin tawada a kan takarda, wutar da take ja a lokacin ta fi ƙarfin ƙaramar UPS.

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne abin tsoro a ɗaukewar wuta, tunda ana iya sake kunnawa? Ban da aikin da ke kan RAM da zai tafi, akwai haɗarin wuta ta yanke daidai lokacin da ake rubutu a rumbu. Rumbu iri biyu ne. Akwai mai faifai, wanda yake juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, allurarsa tana shawagi a samansa da tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Akwai kuma SSD, wanda ba shi da wani abu mai motsi, ya kuma fi sauri nesa ba kusa ba. Kowannensu idan aka katse shi yana tsakiyar rubutu, yana iya barin takarda rabi da rabi, in kuwa abin ya faɗa kan babbar manhaja, kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Gidan da ke da janareta, a bari ya tashi muryarsa ta daidaita tukuna kafin a saki wuta ga kwamfuta. Da damina kuwa, idan hadari ya haɗo ana walƙiya, babu na'urar da ta kai zare fulogi daga bango.

Jona wayoyi da kunnawar farko

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ba baƙo tsoro, alhali shi ya fi sauƙi, domin kowace waya da irin kafarta. Madannai da linzami da firinta suna shiga kafar USB, wadda ta fito a 1996 ta maye gurbin tarkacen kafofi iri-iri. Allon kallo yana amfani da HDMI, ko DisplayPort, ko kuma tsohuwar kafar nan shuɗiya mai ramuka 15 da ake kira VGA, wadda IBM ya ƙirƙiro a 1987. Wayar da ta ƙi shiga, ba a yi mata dole. Tarko ɗaya ne a nan: kwamfutar da aka ƙara wa katin hoto na daban tana da kafofin allo a wuri biyu, na sama a jikin uwar allo, na ƙasa a jikin katin. A na ƙasa ake jonawa, in ba haka ba allo yana iya zama baƙi ƙirin, a yi ta zargin mai sayarwa. Wayar wuta ita ce ta ƙarshe.

Da an danna makunni, wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin uwar allo, wadda a da ake kira BIOS, magajiyarta kuma UEFI, ita take fara farkawa. Takan bincika ƙwaƙwalwa da RAM da sauran sassa, in ta ga lafiya sai ta miƙa ragama ga babbar manhaja. Galibin kwamfutocin gida Windows suke zuwa da ita. Na Apple suna da macOS. Akwai kuma Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, kuma kyauta ake samun ta. A nan mai saye ya buɗe ido. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga waɗanda suka shiga wani shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 da ta fito a 2021 tana da sharuɗɗa, ciki har da RAM gigabait 4, da rumbu gigabait 64, da wani ɗan ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Kwamfutar da ba ta cika waɗannan ba, arharta ba arha ba ce.

Babbar manhaja za ta yi tambayoyi: harshe, ƙasa, agogo, suna, kalmar sirri. Agogo ba abin rainawa ba ne. Nijeriya da Nijar suna kan lokacin Afirka ta Yamma, sa'a ɗaya gaba da na Girinwic, kuma idan kwanan wata ya kauce sosai, shafukan intanet masu tsaro sukan ƙi buɗewa. Kalmar sirri kuwa tsawonta ya fi komai. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna sun fi sunan ɗa da shekarar haihuwarsa. Ya kyautu kuma a buɗe wa yara nasu asusun daban, wanda ba shi da ikon saka sabuwar manhaja.

Wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi: sababbin kwamfutoci masu Windows 11 sukan kulle abin da ke cikin rumbu da sirri tun ranar farko, ta hanyar wani tsari mai suna BitLocker. Wannan alheri ne idan an sace kwamfuta, domin ɓarawo ba zai iya karanta komai ba. Amma mabuɗinsa na gaggawa lambobi ne guda 48, kuma akan adana su a asusun Microsoft da aka yi amfani da shi wajen girkawa. Idan yaron shago ne ya buɗe asusun da nasa adireshin, ko maigida ya manta da shi, to ranar da aka canja uwar allo kwamfuta ta nemi mabuɗin, takardun suna nan a rumbu amma babu mai iya buɗe su, har shi kansa kamfanin. Mai kwamfuta ya buɗe asusu da hannunsa, ya kwafe lambobin nan a takarda, ya ajiye tare da rasit.

Bayan ta tashi

Aiki na farko a intanet shi ne sabuntawa, ko da kuwa zai ci data mai yawa, domin manhajar da ke cikin sabuwar kwamfuta ta yi watanni a kwali, an kuma gano ɓarakoki a jikinta a tsakanin nan. Abin da ya faru a watan Mayu na 2017 ya isa misali. Wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300 a kan kowace, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Abin takaicin shi ne, Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar. Waɗanda suka sabunta sun tsira. Yayin da ake sabuntawa ba a kashe kwamfuta, nan ma UPS take nuna ranarta.

Windows tana da nata mai gadi, Microsoft Defender, kuma ya wadatar da yawancin gidaje. Haɗa masu gadi biyu ba ya ƙara tsaro, sai dai nauyi da rikici. Babbar ƙofar cuta ita ce manhajojin sata da ake loda wa mutane a matsayin gyara, da kuma filas da ke yawo daga shagon buga takardu zuwa wani.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin aiki guda. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, Windows kuma tana ɗauke da tsarin madannai na Hausa, sai dai ba ya fitowa sai an zaɓo shi a sashen harsuna. Wanda ya yi haka tun ranar farko ya huta da rubuta baki inda yake nufin baƙi, ko kafa inda yake nufin ƙafa.

Saura ajiyar ko-ta-kwana. Kowane rumbu zai mutu wata rana. Mai faifai yakan yi gargaɗi da ƙara, SSD kuwa sau da yawa shiru yake tafiya. Ƙa'idar da masana suka saba bayarwa ita ce kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan ma'adanai iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wajen gidan, ko a intanet ko a gidan ɗan'uwa, saboda gobara da sata. Rumbun waje da aka yi kwafi a kansa a zare shi bayan an gama, domin wanda yake jone kullum, wutar da ta ƙona kwamfuta ko cutar da ta kulle ta za ta haɗa da shi. A kuma gwada buɗe takarda ɗaya ko biyu daga cikin kwafin, a tabbatar suna buɗuwa.

In an gama aikin ranar, ba da makunnin bango ake kashe ta ba. Ana ba ta umarni ne ta cikin babbar manhaja, a jira fankoki su yi shiru, sannan a kashe allon kallo. UPS kuwa, in batirinta bai cika ba, a bar ta a jone ta ƙarasa caji. Idan akwati ya huce, sai a lulluɓe shi da allon da madannai da ƙyalle mai tsabta, a kuma tuna a yaye shi gaba ɗaya kafin a sake kunnawa da safe.